Kwat Ɗin Ɗan Jirgi

A Faraku, cikin ƙasar Benin, na fara taɓa kwat da hannuna. Kafin nan da ido kawai na san ta, sai kuma a littattafan soyayya da nake saye a kasuwar Yelwa, inda saurayi ba ya fitowa daga mota sai da baƙar kwat, ƙamshi na biye da shi, budurwa ta sunkuyar da kai tana wasa da zoben hannunta. Uku daga cikin littattafan nan suna jakata a ranar, sun sha hannu har bangonsu ya yi laushi kamar tsumma.

Ni ɗan masunta ne, sunana Bala. Gidanmu yana gangaren bakin ruwa, kuma tun ban kai tsawon filafili ba aka ɗora ni a bayan jirgi. Shekarar da aka yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato, sai ofisoshi suka cika da sababbin ma'aikata. Cikinsu akwai wani akawun ƙaramar hukuma mai kwat ruwan toka, wanda ya mai da layin su Rakiya hanyarsa ta zuwa ko'ina. Rakiya 'yar wani malamin asibiti ce, tana koyon ɗinki a cibiyar mata, kuma ita nake so tun muna 'yan firamare. Wata la'asar ina tsaye a ƙofar gidansu muna zance ya wuce, ta bi shi da ido, ta ce, "Kwat dai na yi ma namiji kyawo."

Abin da ta faɗa ke nan, ba ƙari. A kan wannan na tsallake ƙasa biyu.

Ruwanmu na Kwara sau biyu yake cika a shekara: farin ruwa da damina, baƙin ruwa kuma lokacin sanyi, wanda ke gangarowa daga can nesa. Da na gaya mata zan tafi Gana neman aikin ofis, ba zan dawo ba sai da kwat a jikina, ba ta yi ƙoƙarin hana ni ba. Daga baya ta ce mahaifinta ya bar mata zaɓi, amma ba zai bar mata shi har abada ba.

"Baƙin ruwa biyu nika jiranka, Bala. In na biyu ya janye ba ka zaka ba, kar ka ga laihina."

To, a tashar Faraku wani mutum ya tare ni, fari, mai tsagar gado a kumatu da Hausa mai daɗi. Ya kira ni ɗan'uwa, ya karɓar mini jaka, ya saya mini ruwan sanyi. Kafin mu ƙare shan ruwan na kwashe labarina duka na ba shi, har da sunan Rakiya. Ya girgiza kai ya ce ai wanda zai nemi aikin ofis a Gana, da kwat yake shiga neman, ba bayan ya samu yake saye ba. Maganar ta shige ni. Ya ja ni cikin 'yan gwanjo, ya tona wani tsibin kaya har gwiwar hannu, ya zaro wata shuɗiya mai maɓallai masu ƙyalli, matsattsiyar ƙugu. Ya rantse wani minista ne ya sa ta a Faris. Aka riƙe mini fasasshen madubi. Abin da na gani a ciki ba Bala ba ne, saurayin shafi na farko ne. Na ba da kusan duk guzurina, na ɗora da rediyona. Da na juya in yi wa ɗan'uwan nawa godiya, babu shi babu dalilinsa.

Abu ɗaya ya ɗan dame ni. Duk sanda zan ɓalla maɓallan, sai yatsuna su ruɗe, su nufi inda babu rami. Na ɗora laifin a kan ƙauyancina.

A Jugu yunwa ta kama ni sosai. Wata mata mai sayar da sakwara a bakin tasha ta ga yadda nake kallon turminta, ta yafuto ni, ta zuba mini ba ta tambaye ni komai ba. Ba ta jin Hausa sai ta ciniki, ni kuma ba na jin Dandanci. Kwana uku ina ɗebo mata ruwa ina wanke tukwane, tana ciyar da ni. Ranar da zan wuce na sa kwat ɗina don ta gan ni a yadda nake so a tuna da ni. Ta dube ni sama da ƙasa, ta kira maƙwabciyarta, suka yi ta dariya har ta share hawaye da bakin zani. Ta gyara mini kwalar, ta dafa kafaɗata, ta sama mini wuri a saman wata motar albasa. Na tafi ina jin daɗi, a zatona murna take taya ni.

Ba yunwa ce ta fi wahal da ni a wannan tsakanin ba, rashin ruwa mai tafiya ne. Tun da aka haife ni ban taɓa kwana uku ban ga kogi ba. Muka ratsa duwatsun Togo a kan buhunan albasa, ido na hawaye, ban san ko na albasa ba ne ko na gida. Duk gadar da muka hau sai in leƙa, in tarar da ɗan rafi wanda ko akuya ba za ta naɗe ƙafa ba in za ta tsallaka. In tuna Inna tana gyaran ƙananan kifin warangi a kan tabarma, tana korar kaji da tsinken tsintsiya. A Salaga, bayan mun shiga Gana, wani tsoho ya ji harshena ya ce kakanninmu sun sha biyo hanyar nan da jakuna neman goro, ya nuna mini tsofaffin rijiyoyin da suka sha. Na sha ni ma.

Sai ga tafkin Bolta. Na tashi da imanin cewa bayan teku babu ruwan da ya kai na Kainji, sai na tsaya a gaɓa na rasa inda ruwa ya ƙare sama ta fara. Matattun itatuwa tsaye a cikinsa, fari fat, sun ɗaga rassa kamar masu roƙon Allah, irin dai waɗanda ke kan tsofaffin garuruwanmu da ruwa ya ci. Na daɗe a wurin bakina a buɗe. Da muka ƙetara zuwa Yeji kuwa, kafin in sauka daga jirgi na ji wani yana faɗa da wani a kan taru, yana cewa, "Kai, wanga aiki naka ba shi yi." Sarkawa ne, mutanen Argungu da na Yawuri, sun yi unguwa guda a bakin ruwan wata ƙasa.

Aikin ofis dai ban same shi ba. Na zaga duk inda na ga tebur da kujera, da kwat ɗina da takardar sakandare ta aji uku, ana kallona ana murmushi ana cewa in dawo gobe. Ranar da na gaji, wani Basarke da ake kira Malam Ango, mai jirage huɗu, ya kama hannuna ya juya tafin, ya duba, ya miƙo mini filafili. Abin da na gudo na bari a Yelwa ya riga ni isowa.

Wata bakwai na yi ina su a Yeji. Wasiƙu kuwa ban fasa ba. A rumfar banda nake rubuta su, don nan ne kawai ake da akwatin da za a ɗora takarda, hayaƙi na tashi daga ƙarƙashin kifi ina zuba kalaman da na haddace daga littattafaina. Na gaya wa Rakiya ni akawu ne a wani kamfanin jiragen ruwa, ina da tebur da tagar da ke kallon tafki. Na je wurin mai hoto na sa shuɗiyar kwat, na dafa wata wayar tarho da ba ta da igiya, a bayana an zana jirgin sama, na aika mata. Amsoshinta gajeru ne. Inna lafiya. Baƙin ruwa na farko ya zo ya janye. Akawu yana nan yana wucewa, har ya fara gaida mahaifinta. A ƙasan wata wasiƙa ta tambaya ko ofishinmu kusa da kasuwar kifi yake. Na amsa cewa ba nisa.

Kumasi na je rakiyar kwandunan banda na Malam Ango. Garin ya fi ƙarfin idona: tudu da gangare, kore ko'ina, kasuwa kamar an kife duniya a kwano ɗaya. Da aka sauke kaya na wanke jiki, na sa kwat, na shiga gari in ga yadda masu kwat ke tafiya. A wani lungu bayan kasuwa na ji ana tafa hannu. Wani tsoho ne siriri a ƙofar shago, tef ɗin awo rataye a wuya, tabarau a ƙarshen hanci, yana kirana da yatsa.

Sunansa Baba Kwaku. Mutumin Asante ne, ya koyi Hausa a Zango, irin Hausar da ba ta raba mace da namiji. Ya sa ni na tsaya a gaban dogon madubi, ya tsaya kusa da ni da tasa kwat ɗin. Ya nuna maɓallansa, suna dama. Ya nuna nawa, suna hagu. Ya ɗora yatsa a kan wasu ɗinki biyu da suka taso daga ƙuguna zuwa ƙirji, ya ce wannan wuri an bar shi ne don abin da ni ba ni da shi.

"Ɗana, wannan kwat, mace ne ya ke da shi."

Na tuna dariyar mai sakwara. Na tuna murmushin masu ofis. Sannan na tuna hoton, wanda a lokacin yana can Yelwa a hannun yarinyar da ke koyon ɗinki. Na zauna a dakalin shagon. Tsohon bai yi dariya ba. Ya kawo mini ruwa, ya saurari labarin har ƙarshe, sai dai ko shi na gaya masa ni akawu ne a garinmu, aiki ne ya ƙare. Ya ce mai yi masa guga ya koma ƙauyensu noman koko. In zan riƙe dutsen guga har wata shida, zai ɗinka mini kwat da hannunsa. Na lissafa watannin da baƙin ruwa, na ga da ƙyar za su kai ni. Na aika wa Malam Ango saƙon ban haƙuri ta hannun direba.

Ban taɓa shiga wuri irin shagon nan ba, kuma har yau ban sake ba. A garinmu tela yakan dube ka sau ɗaya, ya auna tsawo da faɗi, ya ce ka dawo jajibirin Sallah. Baba Kwaku kuwa, kafin almakashi ya taɓa yadi, sai yadin ya kwana a cikin baho da ruwa, a shanya shi a inuwa, a goge. Na tambaye shi dalili, ya ce yadin da bai sha ruwa a hannun tela ba zai sha a hannun Allah, ranar nan kuwa zai tsuke ya kunyata mai shi. A cikin ƙirjin kowace kwat yana shimfiɗa wani kaurin ƙyalle da aka saƙa da gashin doki, ya bi shi da allura, ɗinki ƙanana jere kamar sawun tururuwa, yana lanƙwasa ƙyallen a kan yatsansa yana ɗinkawa. Yakan yi kwana biyu a kan wannan kaɗai. Sannan ya rufe shi da shafi, ba mai sake ganinsa har kwat ta mutu. Na ce masa wannan ai wahalar banza ce tun da ba a gani. Ya ce ƙashin bayana ma ba a gani.

Guga kuma, ashe ba kawar da tamoji ba ce. Ya koya mini in shimfiɗa jiƙaƙƙen ƙyalle, in danna dutse mai gawayi, in ɗaga, in bi da wani katako in danne tururin har ya huce a ciki. Da haka shimfiɗaɗɗen yadi ke yin ƙirji, ya yi kafaɗa, ya yi gadon baya. Na ga kwat a rataye ba kowa cikinta, amma ka rantse mai ita yana tsaye yana numfashi. Lauyoyi na zuwa, da limaman coci, da manoman koko masu tabon adda a hannu. Kowa sai ya zo gwaji sau uku, a sa masa kwat da aka harhaɗa da farin zare, tsohon yana zagaya shi da alli a hannu, allurai a baki, ba ya magana. Wata rana na ba shi labarin masu bugu na garinmu, yadda ake sa wa riga sitati a ɗora ta a kan gungume a yi ta dukanta da tabarya har ta yi ƙyalli. Ya dafe ƙirji ya zauna, ya sa na yi masa alkawari ko bayan ransa ba zan kai kwat ɗinsa wurinsu ba.

A wata na huɗu ya sauko da wani yadin ulu daga saman kanta, shuɗi mai duhu har ya kusa baƙi, launin ruwanmu lokacin sanyi. Ya ce in tuɓe riga. Na roƙe shi ya yi ta da yalwa, don a gidanmu riga ta kowa ce. Babbar rigar mahaifina ta aurar da ƙannensa uku, kuma na san ƙannena suna jiran wannan. Ya ce kwat ba riga ba ce, mutum ɗaya ta sani. Ya ɗora tef a kafaɗata ta hagu, ya rubuta. Ya ɗora a ta dama, ya tsaya. Ya sake aunawa. Ya bi bayana da tafin hannu tun daga wuya har ƙugu, kamar mai sayen doki.

"Akawu," ya ce, "biro nawa ne nauyinsa a garinku?"

Ya dafa kafaɗar tawa, ya ci gaba.

"Kafaɗan dama ya sauka, ya yi kauri. Hannun dama ya fi tsawo. Kai mai tuƙa jirgi ne, kuma a baya kake zama."

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Na ce masa gaskiya ne, kuma abin da nake so ya ɓoye ke nan. Na roƙe shi ya cusa auduga, ya daidaita kafaɗun, ya mai da ni kamar akawun nan mai ruwan toka. Ya ce zai iya, kuma za ta yi kyau a hoto, muddin ban ɗaga hannu ba. Daga nan ya ci gaba da awonsa.

Ranar gwajin farko akwai wani lauya a shagon yana jiran tasa. Baba Kwaku ya sa mini tawa mai farin zare, ya miƙo mini sandar awon yadi, ya ce in tuƙa. Na ce ban gane ba. Ya ce in zauna a kan benci in tuƙa jirgi yadda nake yi a gida. Na zauna ina tuƙa iska a gaban lauya, kunya kamar ƙasa ta tsage, zare na tsinkewa a hammatata ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa yana biye da ni da alli yana zana inda ya tsinke. Haka ya sa ni a gwaji na biyu, haka a na uku. A na ukun ba abin da ya tsinke. Na riƙe shi a zuciya kwana da kwanaki, ina ganin tsohon ya mai da ni abin wasa.

Amma ranar da ta ƙare, na sa ta da farar taguwa da wando, ya ɗaura mini naktaye da hannunsa, ya juya ni wajen madubi, sai fushin ya bi iska. Ba ta da nauyi. Ta kwanta a bayana kamar ruwa a kan dutse. Na nemi saurayin shafi na farko a madubin ban gan shi ba. Bala ne, da karkatacciyar kafaɗarsa, sai dai ban taɓa sanin haka Bala yake ba. Tsohon ya tsaya a bayana yana cire wani zare da ni ban gani ba, ya ce in tafi, ruwa ba ya jiran tela.

Komowa ba ta da labari. Na naɗe kwat a takardar siminti mai tsabta, na rungume ta a kan cinya tun daga Kumasi har iyakar Babanna, ko gyangyaɗi na yi hannuna na kanta. Na riga na aika wasiƙa cewa ranar kasuwar Yelwa zan sauka. Da hantsi na iso Rofiya, a hayin ruwa. Baƙin ruwa ya fara ja da baya, ya bar layin laka a gaɓa, amma bai janye ba. Na zaga bayan masallaci na shirya.

Jirgin kasuwa ne mai inji, cike da mata da kwanduna da awaki da buhunan gero. Da na doso, mai jirgin, wani dattijo mai furfura da na sha gani a ruwa, bai gane ni ba. Ya kira ni yallaɓai, ya sa aka matsa, ya shimfiɗa mini buhu a kan katako. Na zauna a tsakiya, hannu a kan gwiwa, ina tsara yadda zan sauka: ƙafar dama tukuna, in gyara naktaye, in ɗaga ido a hankali. Haka ake yi a littafi.

Mun wuce rabi, har ana hango rumfunan kasuwa da mutane a gaɓa, inji ya yi tari sau biyu ya mutu. Dattijon ya ja igiya, ya sake ja. Shiru. Wanda bai san baƙin ruwa ba zai ce kwance yake, don ba ya kumfa ba ya ƙara, amma ƙarƙashinsa gudu yake. Jirgi ya juya gefe ya fara bin ruwa, kuma ni na san abin da ke ƙasa da mu: kututturan tsohuwar gaɓa, waɗanda ke tsaye kamu ɗaya a ƙarƙashin ruwa, sun sha fasa jiragen da suka fi wannan. Mata suka fara salati. Dattijon ya zaro filafilai biyu, ya ce shi zai riƙe gaba, yana neman wanda zai riƙe baya. Ya bi fuskokin mazan da ke ciki, 'yan tudu ne masu gero, ya tsallake ni kamar ba na wurin.

"Ba ɗan ruwa cikinku?"

Na dubi gaɓa. A cikin taron nan akwai Rakiya, watakila da akawu a gefe. Shekara da watanni na yi ina gina saukar nan. Na dubi wata mata kusa da ni ta ƙanƙame jaririnta. Ban tuna na yanke shawara ba, na dai tsinci kaina ina taka buhuna zuwa baya, ko maɓalli ban kwance ba.

"Kawo nan, Baba. Ka riƙe mana hagu, kututturan na dama."

Ya dube ni, ya dubi kwat, ya miƙo.

Na kafa gwiwa, na nutsa filafili, na ja. Na jira in ji ƙarar yagewa a hammata. Ban ji ba. Na sake ja da dukkan ƙarfina, kafaɗa ta juya, kwat ta juya tare da ita, ta dawo tare da ita, kamar da ita aka haife ni. A nan tsakiyar Kwara, ruwa na fantsamo mini a fuska, na ga benci da sandar awo da tsoho da alli a hannu, na gane abin da yake aunawa. Muka goga gefen wani kututture har jirgi ya yi ƙara, muka wuce. Daga nan muka yanka ruwa a karkace, dattijo na ba da murya ina amsawa, har ƙasan jirgi ya taɓa yashi can ƙasa da mashayar kasuwa.

Ban sauka da ƙafar dama ba. Tsalle na yi cikin ruwa har gwiwa na ja jirgin, don haka hannu ya saba. Naktaye ya koma bayan wuya, takalmi ya cika da laka, kwat ta jiƙe sharkaf. Jama'a suka gangaro. Inna ce ta fara isowa, ta riƙe fuskata tana kuka, sannan ta ja baya ta tambaya wane marar tausayi ne ya ɗinka mini riga ba wurin iska.

Rakiya na tsaye a bayanta da mayafi ruwan goro.

"Sannu da zuwa, akawu," ta ce.

Na sunkuyar da kai.

"Ofishin ga naku dai da albarka yake. Duk wasiƙar da ta hito cikinai, sai mussar gidanmu ta bi ni har ɗaki tana shinshina tana kuka." Ta gyara mayafi. "Waccan ta hoton hwa, mai maɓalli hagu? Ka dai kawo min ita ko? Ai tawa ta."

Matan da ke kusa suka kwashe da dariya, har da Inna da ba ta san zancen ba. Rakiya ba ta yi ba. Ta matso, ta ce in ɗaga hannu. Na ɗaga. Ta leƙa hammatar, ta bi ɗinkin da ido har kafaɗa, ta juya kwalar ta ga 'yan sawun tururuwan nan da ke ƙarƙashi. Ta daɗe tana kallo.

"Ko zare guda bai tsinke ba. Wa ya ɗunka ta?"

Na ce wani tsoho ne a Kumasi.

"Shi ka hwaɗa mai gaskiya ke nan."

Na ce ban faɗa ba, shi ya auna ya gani.

"To ni ma na auna," ta ce. Ta dubi layin lakar da ke gaɓa. "Ruwa bai janye ba tukuna. Ka turo su Baffa ran Juma'a."

Kwat ta bushe a inuwa ba ta tsuke ko kaɗan ba. Sau biyu ina ƙwato ta a hannun Inna a kan hanyar masu bugu. Na koma ruwa, daga baya na sayi jirgi mai inji nawa, kuma ban taɓa zama a ofis ba sai in an kira ni. Na sa ta ranar da aka ɗaura mana aure da yamma, bayan na cire babbar rigar mahaifina, na sa ta ranar da Rakiya ta buɗe shagon ɗinkinta, da wasu 'yan ranaku da ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Maganar nan kuwa da ta tashe ni daga gari, na tuna mata ita bayan shekaru, ta rantse ba ta tuna ta faɗa ba. Ta ce in ma ta faɗa, to kwalar take kallo, don a makon aka fara koya musu kwala.

Ƙannena duk sun gwada aro, ba wanda ta zauna wa. Baba Kwaku ban sake jin labarinsa ba. Na aika wasiƙa sau biyu, amsa ba ta zo ba.

Bara babban ɗanmu, wanda ya gama karatu ya sami aiki a Birnin Kebbi, ya buɗe akwati ya ciro ta, yana cewa irin wannan yadin ba a samunsa yanzu. Ya sa, ya tsaya gaban madubin uwarsa. Tsawo ya yi, ƙugu ya yi. Sai dai kafaɗar dama ta rataya fanko, ta lanƙwashe kamar tana jiran wani. Ya yi ta ɗaga kafaɗa yana saukewa. Rakiya ta ɗago kai daga kan keke, ta dube shi ta saman tabarau.

"Cire ta, akawu," ta ce. "Ba ka yi tuƙin da za ka cika ta ba."